Muryar da ta ƙi sauka kan faifai

Jama'a, ni ba mutum ne mai saurin cewa ga abin da ya faru ba. Waɗanda suka san ni za su shaida, ko ruwa na ga yana zuba aka tambaye ni, sai in ce da alama dai ana ruwa. To amma wannan da zan ba ku wallahi a gabana ya faru, da hannuna na yi aikin, kuma da rana tsaka ne, tsakanin azahar da la'asar, kada wani ya ce barci ne ya ɗebe ni. Shekarun baya ne, lokacin da na gama bautar ƙasa na dawo gida, aikin gwamnati bai samu ba, sai na kama aiki a wani ƙaramin shagon kwamfuta a Dutsin-Ma.

Mai shagon Oga Yohanna ne, mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe a garin har Hausar Katsina ta zauna masa a baki. Aikinmu buga wa ɗalibai takardu, fotokofi, tura karatu da waƙoƙi a waya, sai kuma wani aiki da ni na kawo shi shagon, wato juyar da tsofaffin kaset zuwa memori. Oga mutumin kirki ne, sai dai tsokana. Shi ya sa mini suna Malam Wataƙila, don a cewarsa tunda na zo bai taɓa jin na ce eh ko a'a ba. In mai kaya ya tambaya ko aikinsa zai kammala gobe, sai Oga ya riga ni, ya ce, "Wataƙila, in Allah ya so, amma ba mu yi alkawari ba." Har masu shagunan kusa suka ɗauka.

Sai na ɗan yi muku bayanin wani abu kafin in ci gaba, ku yi haƙuri, in ba haka ba labarin ba zai fito ba. A cikin kwamfuta akwai faifan ajiya, wanda masu gyara ke ce wa had dis, a kansa ake rubuta duk abin da ake so ya zauna. To shi wannan faifan yana da wani ɗan aljihu, mu a makaranta kesh muke ce masa. In aka miƙa masa abu ba lallai ya rubuta nan take ba, sai ya jefa a aljihun ya ce ya rubuta, don aiki ya yi sauri, daga baya in ya sami sarari ya sauke. Ita ma kwamfutar tana da nata irin wannan riƙon. Kamar ɗan aike ne da za ka tambaye shi ko ya kai saƙo, ya ce ya kai, alhali saƙon na cikin rigarsa, niyyarsa ya biya da yamma. A ƙasar da wuta ke zama ba laifi. A wurinmu kuwa, in aka ɗauke wuta kafin ya sauke, abin da ke aljihun ya tafi ke nan har abada.

Na san haka ne don ya taɓa cin mu. Na juyar da wani kaset na wa'azi, allo ya nuna an ajiye, aka ɗauke wuta, da muka kunna sai ga ƙarshen babu. Allah ya taimaka kaset ɗin lafiyayye ne, na sake. Daga ranar na zauna na koyi yadda ake hana faifan riƙo. Kwamfutar da nake wannan aikin da ita tsohuwa ce, manhajar Linux na sa mata, kuma ba ta da wani wurin latsawa na wannan, sai dai ka buɗe baƙin allo, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni da hannu, ka rubuta mata. Akwai umarnin da ake kira hdparm, da shi ake tambayar faifan halin da aljihunsa ke ciki. In ya amsa da ɗaya, yana riƙo. In ya amsa da sifili, ba ya yi. Da shi kuma ake ce masa ya daina. Akwai wani gajere kuma, sync, ma'anarsa duk abin da ke hannunka sauke shi yanzu, kuma ba ya dawo maka da layin rubutu sai an gama saukewa. Kullum da safe kafin in taɓa kaset ɗin kowa sai na mai da faifan sifili, na sake tambaya na ga sifili. Oga yana mita wai na mai da kwamfutarsa kunkuru, ni kuwa na ce wataƙila gara jinkiri da asara.

Wata rana da damina, bayan mun dawo daga sallar azahar, mata biyu suka yi sallama. Ɗaya za ta girme ni da kaɗan, ta ce sunanta Malama Sa'adatu, tana koyarwa a wata firamare a Kurfi. Ɗayar tsohuwa ce tukuf, yayar mahaifiyarta, Inna Kulu, daga Ɗantutture aka ɗauko ta. Malama ta kwance wani ƙyalle ta fito da kaset guda, ba rubutu a jikinsa, ta ajiye a tebur da hannu biyu kamar ƙwai.

Inna Kulu ce ta ba da labarin, tana yi tana hutawa. Ƙanwarta Ladi ita ta haifi Malama, haihuwar fari, a gidan iyayensu inda ta je wankan jego, kuma ba ta kai ga yaye ta ba Allah ya yi mata rasuwa. Babu hotonta ko ɗaya. Ranar suna ƙaninsu, wato kawun Malama, ya zo da sabuwar rikodarsa yana ɗaukar hayaniyar mata, da aka kira su cin abinci sai ya manta da ita a kunne a bayan kwanuka a ɗakin mai jego. Kowa ya fita, aka bar Ladi da jaririyar. Da dare da ya kunna wa 'yan gida don a yi dariya, sai aka fara jin muryar Ladi tana yi wa ɗiyar magana. Inna ta ce Ladi ta yi tsalle ta kashe rikodar tun ba a ji komai ba, ta yi ta kuka, ta hana kanta abinci, sai da kawun ya yi mata alkawarin zai goge. Kun dai san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kallonsa sai a sace. Ashe bai goge ba. Sai da ya kwanta ciwon ajali ya gaya wa Inna Kulu cewa kaset ɗin na ƙasan akwatinsa, a ba wa Sa'adatu.

Malama ba ta yi dogon bayani ba. Cewa ta yi, "Malam, ban san muryar uwata ba. Ina so in ji ko sau ɗaya ne."

Ni ma ɗan fari ne. Mahaifiyata tana nan da ranta a Makera, kuma tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai "kai" ko "wancan", in tana ba wa maƙwabta labarina ta ce "yaron gidan nan". Ban taɓa jin haushi ba, haka na taso na gani. Amma da Malama ta faɗi haka sai na ce a raina ko me za a yi sai wannan aikin ya fita.

Da na duba kaset ɗin sai na ga ya lalace. Ruwa ya taɓa shiga akwatin, zaren ya manne da juna, na sa biro na ɗan juya a hankali sai na ga wani jan gari yana zubowa, wato fatar da ke ɗauke da sautin ce ke saɓulewa. Na gaya musu gaskiya, na ce iya sanina wannan kaset ɗin sau ɗaya zai bi ta cikin rikoda, duk inda ya wuce ya goge, saboda haka in mun kama a karon farko mun kama, in mun rasa shi ke nan. Na ce ko za su kai Katsina ko Kano, wataƙila akwai masu kayan da suka fi namu. Inna Kulu ta ce ita ƙafarta ba ta kaiwa can, kuma ita kaɗai ta rage da za ta iya cewa wannan muryar Ladi ce. Malama ta ce a yi a nan.

Na yi shiri irin wanda ban taɓa yi ba. Na goge kan rikoda, na gwada da wani kaset na banza, na duba ɗan akwatin batir ɗin da ke riƙe mana kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, na roƙi Oga ya duba man janareta, ya ce akwai. Na buɗe baƙin allo na mai da faifan sifili, na tambaya, sifili. Na umarci kwamfutar ita ma kada ta riƙe komai. Na buɗe wani allon a gefe inda nake ganin girman fayil ɗin, wato abin da ya riga ya sauka kan faifai, yana ƙaruwa. Ita rikodar in aka sa mata wayar da ke haɗa ta da kwamfuta sifikarta na yin shiru, sai ta abin kunne ɗaya da ke jikin kwamfuta ake ji, na miƙa wa Malama na ce ta saurara tun yanzu, ko da wani abu zai faru. Ta kalli Inna Kulu, ta kalli Oga da ke bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai ta ce a'a, sai ta je gida. Na so in matsa mata, sai na ga ba dama, ita ma kunyar ce. Na sa a kunnena, na yi bisimilla, na danna.

Sautin ya fito, da shuu a ciki amma ana ji. Mata suna ta hayaniya, guɗa, wata na tsokanar wata a kan goro, ƙarar kwanuka. Na ɗan zare abin kunnen na kara wa Inna Kulu, ta yi dariya har da hawaye, tana kiran sunayen matan da duk sun mutu. Lambar girman fayil tana ta hawa, jar fitilar faifan tana ƙiftawa, zaren kuwa yana fita ɗaya gefen fari fat, ba komai a jikinsa. Can sai na ji an kira matan cin abinci, takalma suka yi ta fita, ɗakin ya yi tsit, sai ɗan gurnanin jaririya. Aka jima a haka. Sai wata murya ta yarinya, ƙasa-ƙasa, kusa da rikodar kamar a kunnena take, ta ce:

"Sun fita?"

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ba don wani abin tsoro ba, ji na yi kamar na leƙa ɗakin matar mutane ba sallama. Na cire abin kunnen da sauri na sake miƙa wa Malama, na ce ga shi an zo wurin, ta girgiza kai ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ajiye shi a tebur. Da na mai da ido kan allo sai na ga lambar girman fayil ta tsaya.

Rikoda tana juyawa, manhajar ɗaukar sauti tana nuna murya na shiga, amma jar fitilar ta daina ƙiftawa, ba abin da ke sauka. Na tambayi faifan, ya amsa da ɗaya. Na ce wataƙila hannuna ne ya kuskure, na sake rubuta umarnin kashewa harafi bayan harafi, ya amsa mini cewa ya koma sifili, na sake tambaya, ɗaya. Na sake, haka. Ni dai na san saitin nan yana komawa yadda yake in an kashe kwamfuta an kunna, wannan ba abin mamaki ba ne, shi ya sa nake yi kowace safiya. Amma kwamfuta tana kunne, ba wanda ya taɓa ta, ya koma da kansa, ban taɓa gani ba, ban taɓa karantawa ba. Kuma ko da aljihun a buɗe yake, ai jinkiri yake sawa na ɗan lokaci, ba ya hana rubutu gaba ɗaya. Ba damar in tsayar da kaset, don in zaren ya tsaya a kan injin zai iya tsinkewa. Haka na zauna ina kallo har ya kai ƙarshe rikodar ta yi ƙas ta tsaya. Na tsayar da ɗaukar. Duk abin da Ladi ta faɗa bayan wannan tambayar yanzu ba ya kan kaset, ba ya kan faifai, yana rataye ne a cikin kwamfutar, wuta ce kawai ke riƙe da shi.

Kuma hadari ya haɗu a gabas. Kun san halin masu wuta, da iska ta taso sai su ɗauke. Ban gama wannan tunanin ba fanka ta tsaya, akwatin batir ya fara kukansa, ƙit, ƙit.

Oga ya ruga baya wurin janareta. Ina jin yana ja, tana tari tana mutuwa, yana ja, yana yi mata faɗa da yarensu. Ni kuma na rubuta sync na danna. Alamar rubutu ta sauka layi na ƙasa ta tsaya tana ƙiftawa, ba ta dawo ba. Abin da a kullum kafin ka ɗage yatsa ya gama. Na zare firinta daga jikin batir ɗin, na zare cajar wayoyi, na rage hasken allo har da ƙyar nake gani. Na sa memorin da Malama ta kawo na ce a kwafa fayil ɗin kai tsaye can, kwafin ya tafi lafiya, ya zo daidai inda lambar ta tsaya, shi ma ya tsaya. Na gwada wani memorin, haka. Zufa ta jiƙa mini riga, ga ruwa ya sauko a waje kamar da bakin ƙwarya. Malama ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata muryar tana nan, saukowa ce ta ƙi yi, kuma in wannan akwatin ya yi shiru kafin ta sauko mun rasa ta. Inna Kulu ta fara salati a hankali.

Oga ya shigo a jiƙe, ya ce ruwa ya shiga janaretar, ba za ta tashi yanzu ba. Ya leƙa allo ya ga ya tsaya, sai ya miƙa hannu wajen maɓallin kashewa, ya ce ai maganin kwamfuta in ta ƙame a kashe a kunna, haka muke yi kullum. Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba.

Na ce, "Oga, kada ka taɓa. In ka kashe ta tafi."

Ya ce, "Wataƙila dai."

Na ce, "Ba wataƙila. Ta tafi."

Ya dube ni ya janye hannunsa, ya ce wa matan yau ya ga abin da bai taɓa gani ba, Malam Wataƙila ya yanke magana.

Kukan batir ya ƙara sauri. Duk abin da na koya na gwada, ba na jin akwai wanda na bari, kuma ba zan ce muku ga abin da ya kawo mini tunanin da ya zo ba. Na dai kalli abin kunnen da ke kan tebur, na kalli inda lambar ta tsaya, na tuna a kan wace magana ta tsaya. Na ɗaga kai na ƙirga mu: ni namiji baƙo, Oga namiji baƙo, ga yayar Ladi zaune. Na tuna mahaifiyata, yadda in na dawo daga makaranta mutane na tsakar gida ko kallona ba ta yi, sai kowa ya watse in ga an turo mini kwano da nama a ƙasan tuwo. Na ji kunyar abin da zan faɗa, mutum da digirinsa na kwamfuta, amma batir ba ya jiran kunyata.

Na buɗe sabon baƙin allo, na jera umarni a layi ɗaya: a sauke abin da ke riƙe, a kwafa zuwa memorin Malama, a sake saukewa. Ban danna ba. Na tashi na ba Malama kujerata, na nuna mata babban maɓallin da ke dama, na ce in ta ji mun rufe ƙofa ta danna shi sau ɗaya, kada ta taɓa komai bayan nan, ta sa ido kan jar fitila kawai. Sannan na juya na ce, "Inna, Oga, ku yi haƙuri, mu fita."

Oga ya ce a cikin ruwan nan? Wannan kuma a wane littafi na karanta shi? Na ce ba a littafi ba ne, ya taimaka dai. Inna Kulu ba ta tambayi komai ba, ta dube ni wani irin kallo, ta dafa sandarta ta miƙe. Muka fita, na ja ƙofa na rufe.

Muka raɓe a ƙarƙashin ɗan rufin kwanon da ke gaban shago, feshin ruwa na dukanmu. Ta cikin ƙofa ina jin kukan batir yana ƙara haɗewa. Na so in leƙa ta taga, na hana kaina, na juya wa tagar baya. Oga ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskar tsohuwar, ya fasa. Inna Kulu tana kallon ruwa ta ce, kamar ba da mu take ba, "Ladi ke nan. Ko tuwo ba ta ci in ana kallonta."

Kukan batir ɗin ya zama ɗaya dogo, sannan ya yanke.

Na ƙwanƙwasa na yi sallama, a shagon da nake aiki, sannan na shiga. Allo ya mutu, komai ya mutu. Malama na zaune yadda na bar ta. Ta ce tana dannawa jar fitilar ta kama ƙiftawa ba tsayawa, ta jima tana yi, ta tsaya, rubutu ya fito, ba a yi numfashi biyu ba komai ya ɗauke. Na zare memorin na sa a wayarta, muka duba tsawon sautin ba tare da mun kunna ba. Ya kai tsawon kaset ɗin cif. Na ce mata kada ta kunna a nan. Ta ce dama ba ta yi niyya ba.

Da aka dawo da wuta washegari na kunna kwamfutar. Fayil ɗin da ke kan faifanmu yana nan, amma gajere ne, a kan tambayar nan ya ƙare. Wato kwafin da ke hannun Malama ya fi asalin da aka kwafo shi tsawo. Na yi ta juya abin. Wataƙila kwafin daga abin da ke riƙe a cikin kwamfutar ya ɗebo kai tsaye, hakan na iya faruwa, ban musa ba. Amma to me ya hana shi yin haka da na gwada har da memori biyu muna ciki? Wataƙila faifan ne ya fara lalacewa, sai dai na gwada shi ta kowace hanya ban ga aibu ba, kuma mun ci gaba da aiki da shi har na bar shagon, bai sake komawa ɗaya da kansa ba. Na goge guntun da ya rage a wurinmu, don na ga ba namu ba ne.

Bayan an yi girbi na je Kurfi ranar kasuwa sayen wake, sai na ji ana Malam, Malam. Malama Sa'adatu ce. Muka gaisa, ta ce Inna Kulu tana gaishe ni, na yi ta kewaye-kewaye na kasa tambaya, ita ta fara. Ta ce ta ji. Ta shiga ɗaki ta kulle ta kunna, uwar ta kira sunanta, ba sau ɗaya ba, cikakken sunan, tana ja tana maimaitawa kamar mai ɗanɗana shi, ta kuma faɗi wasu maganganun da ba za ta gaya wa kowa ba. Na ce alhamdulillahi. Sai ta rage murya ta ce amma akwai wani abu. Ta kunna wa maigidanta da yaranta don su ji kakarsu, an ji hayaniyar mata, an ji guɗa, an ji "Sun fita?", daga nan sai shuu har ƙarshe. Ta kai wa Inna Kulu, haka. Ta ɗauka memorin ne ya lalace, ta koma ɗaki ita kaɗai tana kuka ta kunna, sai ga muryar tar. Ta ciro wayar daga jaka ta ce ko zan gwada in gani, tunda ni ne masani.

Na ce mata a'a. Wannan ma ban sa wataƙila a ciki ba.

Ban ce muku fatalwa ba ce, ban ce aljani ba ne, wanda ya mutu ya tafi ga Ubangijinsa, Allah ya jiƙan Ladi. Abin da na gani na faɗa, wanda aka gaya mini na ce gaya mini aka yi. Shawarata ga 'yan'uwana masu wannan aikin, in kuna wurin da wuta ba ta da tabbas, ku koyi buɗe baƙin allo ku tambayi faifanku da kanku, kada ku yarda da an ajiye sai kun sa ya sauke kun ga layi ya dawo. Kuma in aka kawo muku muryar mutane, ku tuna ba kowace magana aka yi don kunnenku ba, ku cire abin kunnen in kun ji an zo irin wurin.

Ranar da na dawo daga Kurfi na biya Makera. Mahaifiyata na tsakar gida da maƙwabta ana sussukar gero, ta ce wa ƙanwata, "Ba wa wancan ruwa." Da zan tafi na yi sallama na fito, na tsaya a zaure na ɗan jima, ban san me nake jira ba, sai na ji kunya na wuce.

Har yau aikin kwamfuta nake yi, a wani wurin daban. Wani lokaci ina zaune ni kaɗai in rubuta sync in danna, alamar ta sauka ƙasa ta ɗan jima ba ta dawo ba. Na san dalilai goma da kan sa haka. Amma wallahi sai in ga na miƙe na fita, na ja ƙofa.